Wa Zai Koyi Kula da Kayan Tarihinmu?

A nan Sokode muna da gidan adana kayan tarihi na yankin tsakiyar Togo, Dapaong ma tana da nata. To, matasa nawa ne ke koyon kula da abin da ke ciki?

Yawancin aikin a ɗakin ajiya ake yin sa, inda baƙo ba ya shiga. Kowane abu sai an ba shi lamba, an auna shi, an ɗauki hotonsa, an rubuta inda ya fito da hannun da ya kawo shi. Sirdi irin na mahayan Kotokoli, ko takobi, ko laya, in asalinsa ya ɓace, ya koma kayan gwanjo. Ga gara, ga iskar hunturu mai busar da fata har ta tsage, ga laimar damina mai sa ƙarfe tsatsa. Sai ɗalibi ya riƙe abu da hannunsa, gwani na tsaye a kansa, sannan ya iya.

Jami'ar Kara, wadda ta fara karatu a 2004, ba ta da nisa da mu. Makarantar EPA ta Porto-Novo kuwa tun 1998 take horar da ma'aikatan gidajen tarihi na Afirka. Roƙona shi ne a riƙa turo ɗaliban tarihi su yi watanni suna aiki a waɗannan gidaje, da ɗan alawus na abinci.

A kuma sa 'ya'yan zango ciki. Ta wannan yanki fataken Hausa suka riƙa bi zuwa Gwanja sayen goro, kuma duk takardar ajami da ta fito daga gidajen malamanmu tana bukatar wanda zai karanta ta kafin ya shigar da ita rajista.