Jawabi Kan Zubar Taurari



Ɗalibanmu kan tambaye mu game da hasken nan da ke tsaga sama da dare ya ɓace, wanda muke cewa tauraro ya faɗi. Wasunsu da tsoro suke tambaya, don haka bai kamata mu sallame su da "Allah ne masani" kawai ba, alhali akwai bayani.

Abin da muke gani ɓarɓashi ne, yawancinsa bai wuce ƙwayar gero ba. Tauraro mai wutsiya, wanda dunƙulen ƙanƙara ne da ƙura, yakan zubar da shi a kan hanyarsa ta kewaya rana. Ita kuma duniya tana ratsa wannan hanya a lokaci guda kowace shekara, sai ƙwayoyin su afko cikin iska da tsananin gudu, su ƙone a tsayin kusan kilomita 100. Shi ya sa ake iya sanin ranar tun kafin ta zo.

Zubar 12 zuwa 13 ga Agusta, mai gudun kilomita 59 a daƙiƙa, gizagizan damina kan rufe mana ita. Rabonmu yana daren 13 ga Disamba, idan hazo da farin wata sun yi mana sassauci. Ku gaya wa yara su roƙi iyayensu su shimfiɗa tabarma a tsakar gida, a kashe fitila, a ba ido minti 20 ya saba da duhu. Washegari kowa ya kawo adadin da ya ƙirga.