Rigar Kariya: A Auna Kafin a Saka

Jama'a ma'aikata, Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta wa mai masana'anta ya tanadar muku tufafin kariya da suka dace. To, dacewa ta haɗa har da awo. Rigar da ta yi wa mutum yawa, inji na iya cafke hannunta ya fizge shi. Wadda ta matse kuwa, da ya sunkuya sai ta yage a hammata, ruwan guba ya sami hanyar fata.

Saboda haka a auna tsawo da kewayen ƙirji bisa tufafin da za a sa a ciki. In an saka, a tsuguna, a miƙa hannuwa sama. Idan ta ɗame, a nemi wata. Ku masu aiki da asid a majemun Challawa, ƙafar wando ta sauko bisa takalmi, kada a cusa ta ciki, don abin da ya zubo ya gangara ƙasa.