Haɗa Ƙananan Jiragen Ruwa na Katako: Jawabin da Aka Gabatar a Taron Wata-wata



An ce in tashi in yi bayanin wannan abu da ke kan teburi, don tun da aka shigo da shi na ga yara sun kewaye shi, manya kuma suna satar kallo. Wani ma ya tambaye ni nawa na saya. To, ban saye shi a haka ba. Kwali na saya, cike da falankai sirara, da zare, da 'yan ƙarafa, da takardar zane. Ni na haɗa shi da hannuna, a cikin shekara biyu da 'yan watanni, da dare bayan an tashi daga aiki.

Sunan jirgin Cutty Sark, kuma jirgi ne na gaske. An ƙera shi a garin Dumbarton na Birtaniya a 1869, don ɗauko ganyen shayi daga ƙasar Sin zuwa Landan. Sai dai ya zo a makare, domin a shekarar ce aka buɗe mashigin Suwes, jiragen tururi suka samu gajeriyar hanya, suka ƙwace cinikin. Daga baya ya koma dakon ulu daga Ostireliya. Yana nan ajiye a Greenwich a Landan. Gobara ta taɓa shi a 2007, aka gyara, aka sake buɗe shi ga masu kallo a 2012. Wannan nawa na kamfanin Billing Boats ne na ƙasar Danmak, an rage girmansa sau 75, shi ya sa tsawonsa ya ɗan wuce mita ɗaya kawai.

Amma gaskiyar magana, wannan shi ne na biyu. Na farkon yana can ƙarƙashin gado, a karkace kamar ayaba. Labarinsa nake so ku ji, musamman samarin da na ga idonsu ya faɗa.

Kun ga, jirgi yana da ƙashin baya da haƙarƙari, kamar dabba. Za ka fara kafa ƙashin bayan, ka jera haƙarƙarin a kansa, sannan ka lulluɓe su da falankai ɗaya bayan ɗaya. Ni kuwa ɗoki ya ɗebe ni. Ban ɗaure ƙashin bayan a kan miƙaƙƙen katako ba, ban goge gefen haƙarƙarin da sanfefa don falanki ya kwanta sosai ba. Mafi muni, sai na gama lulluɓe ɓangaren dama kaf kafin in taɓa na hagu. Falanki kuwa jiƙa shi ake yi a ruwan zafi don ya lanƙwasu, in ya bushe sai ya ja. Duk suka ja gefe guda. Da na farga, goshin jirgin yana kallon gabas, gindinsa yana kallon kudu. Wata huɗu na aiki, ga kuɗin da na kashe. Uwargida ta dube shi ta ce, “Malam, wannan ai ko a kwatami ba zai tafi daidai ba.” Ban ce uffan ba.

Yadda ake yi shi ne, ka sa ɗaya a dama, ka sa ɗaya a hagu, ka bar gam ya bushe. Kuma kowane falanki sai ka fere shi ya tsuke wajen goshi, don cikin jirgi ya fi goshinsa faɗi, alhali yawan falankan ɗaya ne. In ka samu biyu ko huɗu a dare guda, ka gode. A nan kudu ma akwai ƙarin wahala: da damina katako yana shan laima ya kumbura, in hunturu ya leƙo ya motse, sai ka ga tsaga. Don haka kada ka ajiye aikinka kusa da taga.

Igiyoyi kuma wani babi ne. Na jirgin gaske sun kai kimanin mil 11. A nan zare ne, kana shafa masa kakin zuma don ya kwantar da gashinsa, kana ƙullawa da hantsaki, don yatsa ba ya shiga. Nan ne na fara sa tabarau.

Shawarata ga mai sha'awa, kada ya fara da irin wannan, balle Victory, jirgin yaƙin nan na Nelson mai igwa 104. Hoton kwali yana da ruɗi. Ka nemi ɗan kwalekwalen kamun kifi mai turke ɗaya, wanda za ka gama cikin wata biyu ko uku. Kayan aikin ma ba su da yawa: wuƙa mai kaifi, sanfefa, farin gam na kafintoci, ƙananan ƙusoshi, da 'yan maƙalan shanyar kaya don riƙe falanki. Wanda ya shirya, ya same ni bayan taro, in ba shi na ƙarƙashin gadon ya koyi lanƙwasa falanki a kansa.

Mai son gani ya matso, amma don Allah a riƙe hannun yara.