Jawabi Ga Makiyaya Da Fataken Shanu: Yadda Rijiya Ke Komawa Zartsi

Ranku ya daɗe sarakunan zango da na Fulani, gaisuwa ga dattawa, da dillalai, da 'yan'uwa makiyaya na Salaga da Yendi da Bawku.

Duk wanda ya saba kai shanu kasuwar Tulaku ta Ashaiman, ko ya yi kiwo a wajajen Ada da Keta, ya ji ana kukan rijiyar da take da daɗi a da, yanzu ta koma zartsi. Ga dalilin. A bakin teku ruwa iri biyu ne a ƙarƙashin ƙasa. Ruwan gishiri ya fi nauyi, shi ne a ƙasa, ruwan daɗi kuma yana kwance a kansa kamar man shanu a kan nono. Masana sun auna cewa in aka janye ruwan daɗi har ya sauka da mita 1, to ruwan gishiri zai iya tasowa da kamar mita 40. Ku duba fa, ɗaya da arba'in! Shi ya sa guga ba ta cika ɓata rijiya ba, amma injin da ke ja dare da rana, irin wanda manoman albasa na Anloga suka koma amfani da shi, yana iya jawo gishirin. In kuwa ya shiga, sai an yi shekaru kafin ya fita. Ga kuma dam ɗin Akosombo, wanda tun 1965 yake tare yashin da kogin Volta ke kaiwa gaɓa, abin da ya ƙara wa teku ƙarfin cin ƙasar Keta.

Wani zai ce, ina ruwanmu da teku, mu da muke arewa? To, dutsen da ke ƙarƙashin Salaga da Yendi laka ce da ta daskare tun zamanin da, ba ta riƙe ruwa sosai, kuma a wasu wurare ita ma da gishirinta. Sau da yawa a haƙa burtsatse a tarar babu ruwa, ko a samu mai zartsi. Ba banza ba mutanen da suka cika Salaga da rijiyoyi don ayarin goro, har ake ce mata garin rijiya dubu. A Bawku kuwa damina ɗaya ce ke cika ƙasa, sannan ruwan da ake saki daga dam ɗin Bagre na Burkina Faso yakan zo da ambaliya ya wuce. Tafkin da aka yashe shi ne ke riƙe ruwa ya tsatsa a hankali ya ciyar da rijiyoyin kusa.

Saniyar da ke shan zartsi mai yawa takan yi zawo, nono ya ragu, ta rame, kuma dillali ya san abin da rama ke yi wa farashi.

Saboda haka in ƙungiya ta haɗa kuɗin burtsatse, a nemi mai haƙa da ke da lasin na Hukumar Albarkatun Ruwa, wadda dokar 1996 ta kafa, don tun 2006 doka ta wajabta wannan lasin. A sa shi ya gwada ruwan, ya rubuta iyakar abin da za a riƙa ja a yini, kafin a biya shi cikon kuɗinsa. Komin shayarwa kuma a janye shi nesa da bakin rijiya, a gangare, kada kashin shanu da maganin kaska su tsatsa su koma cikin ruwan da 'ya'yanmu ke sha.