Rubutu Ba Linzami: Lacca Kan Manhajar Vim A Garin Wara

 

Duk wanda ya rubuta jarrabawar JAMB a 'yan shekarun nan ya riga ya ɗanɗana abin da zan yi magana a kai. Tun 2015 aka mayar da jarrabawar kacokan kan kwamfuta, sai aka ga yara da yawa, musamman na karkara, hannunsu na rawa a kan linzami. A 2017 hukumar ta fito da tsarin maɓallai: A, B, C, D don zaɓen amsa, N a ci gaba, P a koma baya, S a miƙa. Yaron da bai taɓa riƙe linzami ba ya gama jarrabawarsa lafiya. To, akwai manhajar rubutu da aka gina gaba ɗayanta a kan wannan dabara, kuma ta girmi yawancin mutanen da ke ɗakin nan.

Sunanta vi. Wani ɗalibi mai suna Bill Joy ne ya rubuta ta a 1976, a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka. Abin da ya sa nake son labarinsa shi ne halin da ya yi aikin a ciki. Daga gida yake haɗawa da kwamfutar jami'a ta layin tarho, layin kuma bai wuce ɗaukar haruffa talatin a daƙiƙa ba. Kafin allo ya cika, mutum ya gama karanta abin da ke sama. Duk maɓallin da ya danna a banza asara ne, don haka ya sa kowane umarni ya zama harafi ɗaya ko biyu. Mu da muke hawa tudu a bakin tafki muna ɗaga waya sama don neman sabis, ai ba sai an yi mana dogon bayani ba. Manhajar an ɗinka ta ne daidai jikin mai ƙaramin ƙarfi, shi ya sa take zama mana ɗas.

A 1991 wani ɗan ƙasar Holan, Bram Moolenaar, ya fito da ingantacciyarta, ya kira ta Vim. Ita ce muke amfani da ita yau, kuma kyauta ce.

Ga inda kowa ke yin tuntuɓe. Ranar da na fara buɗe ta, a wani shagon kwamfuta, na buga sunana ban ga komai ba sai ƙara, layuka suna ɓacewa, na nemi hanyar fita na rasa. Da na ga mai shagon ya juya baya, sai na zare wayar daga bango. Laifina ne, domin ban san cewa Vim manyan halaye biyu gare ta ba. Mai kwale-kwale yakan riƙe matuƙi ya kai inda kifi yake, sannan ya ajiye ya jefa taru. Hannun ɗaya ne, aikin ne ya bambanta. Haka nan da ka buɗe Vim kana halin tuƙi: kowane harafi umarni ne. Ka danna i, ka shiga halin rubutu, abin da ka buga ya fito a allo. Ka danna Esc, ka koma tuƙi. In ka rikice, danna Esc sau biyu, ba ya ɓata komai.

Daga halin tuƙi ne ake fita. :w ya adana, :q ya fita, :wq ya haɗa duka biyu. In ka yi ɓarna kana so ka gudu ba tare da adanawa ba, :q! ne. Ku rubuta wannan na ƙarshe a tafin hannu in ta kama.

Yawo a cikin rubutu da h, j, k, l ake yi: hagu, ƙasa, sama, dama. Mutane kan ce wannan son wahala ne. Ba haka ba ne. Na'urar da Joy ya yi aiki da ita, ADM-3A, ba ta da maɓallan kibiya daban. An zana kibiyoyin ne a kan waɗannan haruffa huɗu, Esc kuma yana kusa da ɗan yatsa, inda Tab yake a yau. Mu Hausawa ma an rage mana aiki, tunda h ta dace da hagu.

Amma abin da ya kawo ni Wara ba haddar maɓallai ba ne. Umarnin Vim jimla ne, da aikatau da abin da aka aikata wa. Harafin d yana nufin share, w kuma kalma. Saboda haka dw, share kalma. Saka lamba a tsakiya, d3w, share kalma uku. Canza aikatau zuwa c, wato sauya, cw ya zama sauya kalma. Mayar da shi y, kwafa. Wanda ya san aikatau biyar da sunaye biyar ya mallaki umarni ashirin da biyar, alhali goma kawai ya koya. Ɗan makarantar allo da ya san yadda wasali ke hawa kan baƙi ba ya haddace kowace gaɓa daban, kuma wannan ɗin ne. In an ninka harafin, layi ne gaba ɗaya: dd ya share layi, yy ya kwafe shi, p ya ajiye shi a ƙasa. Ku lura, 'yan JAMB, p ɗin nan ba komawa baya ba ne. Mai gyara kuskure u ne. Ɗigo kuwa, shi kaɗai, maimaita abin da ka yi na ƙarshe yake yi, kuma a ganina babu maɓallin da ya kai shi albarka.

Sai batun haruffanmu masu lanƙwasa, wanda ya fi damuna. Muna da tarin rubuce-rubuce da aka buga da k' da d' da b' saboda allon bugawa ba shi da ƙ, ɗ, ɓ. A halin rubutu, danna Ctrl da v, sannan u0199, ƙ za ta fito. Na ɗ u0257 ne, na ɓ u0253. Don gyara littafi sukutum, layi ɗaya ya isa: :%s/k'/ƙ/gc. Wancan c na ƙarshe yana sa ta tambaye ka kafin kowane canji, kuma kada ku bar shi, domin wata k' ɗin rufe zance ce kawai.

Wani zai ce, Malam, ga Word, me ya kai ni baƙin allo? In wasiƙa za ka rubuta wa hakimi, yi a Word, ban hana ba. Amma manyan kwamfutocin da ke riƙe da shafukan intanet galibi Linux suke ɗauke da shi, ba su da linzami, daga nesa ake shiga a gyara su, kuma da wuya ka shiga ɗaya ka rasa vi. Ko kwamfuta ba ka da ita, manhajar Termux a wayar Android za ta ba ka Vim. Sannan ga wuta. Tun 1968 madatsar Kainji ke aika lantarki birane, mu maƙwabtanta muna kallon waya ta wuce ta kanmu. Vim tana ajiye kwafin ɓoye yayin da kake aiki. In wuta ta ɗauke, buga vim -r da sunan fayil ɗin, yawancin aikinka zai dawo.

Moolenaar ya rasu a watan Agusta 2023. Bai sayar da Vim ba. Roƙonsa kawai shi ne wanda ya amfana ya taimaka wa yara mabuƙata a Kibaale ta ƙasar Yuganda, kuma shekara da shekaru saƙon na fitowa a allon farko.

Yanzu ku kasu uku-uku a kan kowace na'ura. Ku buga vimtutor, darasin kusan rabin awa ne, za mu gama kafin azahar in janareta bai ba mu kunya ba. Wanda ya maƙale ya ɗaga hannu, kada ya taɓa wayar bango.