Jawabi: abin da ke ƙarƙashin gonakin Madarunfa



Yau zancen taswira za mu yi. Ba taswirar hanyoyi da garuruwa ba. Wannan tana nuna irin ƙasa da dutsen da ke ƙarƙashin ƙafafunmu. A shekarun 1960 wasu masana biyu na Faransa, Greigert da Pougnet, suka zana ta Nijar baki ɗaya. Kowane irin dutse da launinsa.

A wajenmu, laka da rairayin fadama su ne sabbi. Gulbin Maraɗi ne yake kawo su daga ƙasar Katsina, damina bayan damina. Sabbi a bakin masana fa, shekara dubbai ke nan! Rairayin nan yana riƙe ruwa kamar soso. Shi ya sa rijiyar fadama ba ta da zurfi. Da ruwan nan ne ake ban-ruwa a Jiratawa.

In kun yi kudu, wajen Ɗan Isa da Maraka, abin ya sake. Can tsohon dutse mai tauri yana kusa da sama, wani wuri har ya leƙo waje. Ba ya shan ruwa sai inda ya tsage. Mai gina rijiya yakan ɓata wata guda, ya tarar da dutse, kuɗin gari su tafi banza.

Cikin dutsen nan ne aka samu zinariya. Amma ƙasar da ke bisansa ba ta da ƙarfi. A watan Nuwamba na 2021 ramu ya rufta a Garin Liman, aƙalla mutum 18 suka rasu.

Saboda haka, kafin ku haɗa kuɗin rijiya, ku je wajen ma'aikatan ruwa, su duba muku taswira.