Wa'azin Ƙofar Guga: Wanda Ya Rasa Gari Ya Gina Wani

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka, ya ku malamai da almajirai, ku saurara.

Da yawa cikinku sun zo mini da kuka. Wani ya yi nufin karatu a Masar, guzuri ya gaza. Wani ya nemi alƙalanci, aka ba waninsa. To ku ji labarin garinmu wannan.

Wajen shekarar 1807 Malam Ummarun Dallaje ya ci birnin Katsina. Sarki Magajin Haladu ya fita, ya rasu a Ɗankama. Ɗan Kasawa ya ɗauki sauran jama'a, suka fake a Damagaram, daga baya wajen 1819 suka zauna Maraɗi. Ba su zauna don su dawwama ba. Nufinsu su huta, su tara dawaki, su komo su karɓe birni. Suka yi ta kawo hari shekara da shekaru, har zamanin Ɗan Baskore, ganuwa ba ta buɗe musu ba. Sannan Ingila da Faransa suka zo suka ja iyaka tsakani, zancen komowa ya mutu.

To, me ya wanzu? Masaukin nan da suka ɗauka na kwana biyu ne. Suka noma fadamar gulbi, suka yi fatauci, suka yi arzikin gyaɗa. Ruwa ya ci garin a 1945, suka hau tudu suka sake gini. Yau Maraɗi tana cikin manyan biranen Nijar, sarkinta kuwa har yanzu Sarkin Katsina ake ce masa. Hari bai ba su komai ba sai kaburbura. Garma da awo su suka raya su.

Kai almajiri, in hanyar Masar ta toshe, Risala da Muhtasar suna nan a zaurukan birnin nan, malamansu na da rai. Ka zauna ka karanta da zuciya ɗaya. Kada ka riƙe abin da ke hannunka riƙon baƙo, kana leƙen hanya, har tsufa ya riske ka ba ka sami wancan ba, ba ka gyara wannan ba. Ka nemi na farko iyakar ƙarfinka. In ya ƙi, ka ba na biyu haƙƙinsa cikakke.

Allah Ya zaɓa mana mafi alheri, Ya ba mu yarda da zaɓinsa. Amin. Tammat.